Mutuwar kaji a hunturu: mu daina kai ciwo kasuwa, mu haɗu mu yi rigakafi



Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, magana ɗaya ake ji a gidajen Jimeta da Yola: ciwon kaji ya shigo. Daga Jambutu zuwa Luggere, Rumde da Nasarawo, har Wuro Hausa da Shagari a cikin Yola, gida mai kaji 15 sai ya wayi gari bayan mako guda da saura 2 ko 3. Mun saba da abin har mun ɗauke shi kamar ƙura da faso, wani abu da ke zuwa da lokacinsa ya tafi da lokacinsa. Ni dai a ganina, mafi yawan asarar nan da hannunmu muke yaɗa ta daga gida zuwa gida, kuma da kuɗi ƙalilan za a iya tare ta idan unguwa ta haɗa kai.

Kada wani ya ce ai kaza ce kawai. A gidajenmu kaza asusun mace ce. Ita ake kamawa idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ake sayarwa a cika kuɗin makaranta ko zubin adashi, ita ake yanka wa baƙo da mai jego. Matar da ta rasa kaji 12 a mako ɗaya ta rasa wahalar shekara guda, kuma ba wanda zai zo mata jaje.

Abu uku da muke yi idan ta fara

Idan kaza ta farko ta faɗi, kusan kowane gida abu uku yake yi. Na farko, a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja-da-yalo, a zuba a ruwan sha tare da barkono ko sassaƙen maɗaci. Na biyu, idan aka ga abin bai tsaya ba, a yanka masu layi kafin su zama mushe, sauran masu ɗan kuzari kuma a ɗaure su a kai kasuwa a karyar. Na uku, waɗanda suka riga suka mutu a wurga su bola ko kwata da dare.

Duk ukun nan ana yin su ne da niyyar rage asara. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu yana ƙara ta ne, ko a gidanka ko a gidan maƙwabcinka. Kafin in faɗi dalili, bari mu san abin da ke kashe kajin.

Cutar da ta fi kashe kajin gida a ƙasar nan ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle, wasu Hausawa kuma suke ce mata fakat, domin in ta shiga gida magana ta ƙare. Sunan garin nan ne na Ingila da masu kallon ƙwallo suka sani, saboda a can da tsibirin Java na Indonesiya aka fara gane ta a 1926. A Najeriya an tabbatar da ita tun farkon shekarun 1950. Alamominta sanannu ne: kaza ta takure ta saki fukafukai kamar ta yafa riga, ta daina ci, tana buɗe baki tana neman iska, kashinta ya koma ruwa mai kore-kore, mai ƙwai ta daina yi. Wadda ta jima ba ta mutu ba sai wuyanta ya murɗe, tana juyi wuri ɗaya ko ƙafafu su shanye.

Ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Ja-da-yalo da danginsa kuwa an yi su ne don kashe ƙwayar bakteriya, wadda wata halitta ce daban. Saboda haka ko kwali guda aka zazzage a kaskon ruwa ba zai taɓa fakat ba. Kuɗin ya tafi, kajin sun tafi, ga kuma saurar maganin a cikin nama da ƙwan da yara za su ci. Yawan ba dabbobi irin waɗannan magunguna barkatai yana daga cikin abin da ke sa su daina aiki a jikin mutane ranar da ake buƙatarsu a asibiti.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe game da fakat shi ne tana ɓoye a jikin kaza kafin ta bayyana, daga kwana 2 har zuwa 15, galibi kwana 5 ko 6. Wato ranar da kaza ta farko ta mutu a gidanki, 'yar uwa, sauran da kike gani suna tsattsage lafiya ƙalau da yawansu sun riga sun ɗauka. Su ne ake kaiwa kasuwa.

Kasuwa, wuƙa da bola

Mu bi kazar nan zuwa kasuwar zamani ta Jimeta, ko kasuwar Yola, ko kasuwannin mako irin na Ngurore da Girei. Mai saye zai sa ta keji ɗaya da kajin da suka fito daga ƙauyuka daban-daban, su ci a kasko ɗaya, su sha a kasko ɗaya. Wani ya saya don miya. Wata kuma ta ga araha ta saya don kiwo, ta kai gida ta sake ta cikin nata. Bayan mako guda an buɗe sabon makoki a wata unguwar. Shi kansa mai sayar da kajin ba ya tsira, domin waɗanda suka kwana a hannunsa a kejinsa za su mutu.

Wanda ya san ciwo ya shiga gidansa ya kwashi kaji ya kai kasuwa bai faɗa ba, ya sayar da aibi a ɓoye. Kowa ya san sunan wannan a ciniki, ko buhun masara ne ko akuya. Don abin ya zo kan kaza bai canza suna ba. Asarar da ya guje mata ɗauka ya yi ya ɗora wa wani talaka ɗan uwansa, kuma sau da yawa takan zagayo ta dawo unguwarsu.

Maganar a yi maza a yanka kafin ta mutu ita ma tana buƙatar tunani. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Jini, gashi da kayan cikin da ake watsarwa a tsakar gida ko bayan katanga, su ne sauran kaji ke bi suna tsattsaga. Gaskiya ne dahuwa mai kyau tana kashe ƙwayar, amma mai yanka da mai figa da mai gyaran ciki sun gama cuɗanya da ita tun kafin tukunya ta hau wuta. Idan fakat ce, abin da takan yi wa mutum bai wuce jan ido na 'yan kwanaki ba. Matsalar ita ce akwai wata cutar mai kama da ita wadda ba a wasa da ita, za mu zo kanta.

Mushen da aka jefa bola kuwa, kafin gari ya waye karnuka sun ja shi zuwa wani lungun, hankaki ya ɗauki rabonsa, kajin maƙwabta masu yawo sun zo tono a wurin. Wanda aka jefa kwata yana nan yana ruɓewa a hanyar da yara ke wasa. Mun fitar da ciwon daga gida mun raba wa unguwa kyauta.

Ido ba ya gane kowace cuta

Ba kowace mutuwar kaza ce fakat ba, kuma a nan ne masu ba da shawara a bakin titi ke ɓatar da mutane. Idan 'yan tsaki ne masu mako 3 zuwa 6 ke mutuwa da farin zawo, manya kuma lafiya, ana iya zargin gumboro. Idan kashi da jini ne, musamman inda ƙasan akurki ke da laima, wannan ciwon hanji ne da ke da maganinsa na musamman, kuma yana jin magani idan an kama shi da wuri. Akwai taifot na kaji da kwalarar kaji, waɗanda bakteriya ke kawowa, su ne inda maganin da likita ya zaɓa zai iya taimakawa. Akwai ƙurajen da ke fitowa a zanko da gefen ido, waɗanda sauro ke yaɗawa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, kajin gidan gona da aka cusa a ɗakin kwano suna mutuwa don zafi kawai, ba wata cuta. Ga dusa ko masara mai fumfuna, ga maganin ɓera da aka ajiye a lungu aka manta.

Kun ga ke nan magani ɗaya ba zai yi wa duk waɗannan ba. Wata tana buƙatar magani, wata inuwa da ruwan sanyi, wata canjin abinci, wata kuwa ba ta da magani sam.

Sai babbar cikinsu, murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'inta mai tsanani, H5N1, a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Ta bazu zuwa jihohi da dama. A watan Janairun 2007 ta kashe wata matashiya 'yar shekara 22 a Legas. Ta lafa, sannan ta sake ɓulla a Kano da Legas a farkon 2015, kuma tun daga lokacin takan ɗaga kai lokaci zuwa lokaci. Tsuntsayen ruwa na daji masu ƙaura suna daga cikin masu ɗauke da ita, abin da ya kamata ya dame mu da muke zaune a bakin Binuwai, ga kuma tafkin Geriyo, inda agwagin gida ke iya haɗuwa da na daji.

Takan zo da mutuwar farat ɗaya, kaji da yawa a dare guda, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu su nuna tabon jini a ƙarƙashin fata. Amma fakat mai tsanani ma tana iya zuwa da kusan irin wannan fuskar. Ko ƙwararren likitan dabbobi ba ya yanke hukunci tsakaninsu da ido, sai an kai samfur ɗakin gwaji. To idan likita bai isa ya raba su da kallo ba, yaya mai kemis ko maƙwabciya za su raba?

Ranar farko: abin da ya kamata a yi

Idan kaza biyu ko uku suka mutu a jere, ga abin da ya fi:

A ware marasa lafiya nan take, nesa da sauran, da kaskon ruwansu daban. A kulle dukkan kajin gidan, kada su fita yawo. Daga ranar kada kaza ta shiga gidan, kada ta fita, ko sayarwa, ko kyauta, ko aron zakara.

A sanar da maƙwabta a ranar, domin su ma su kulle nasu. Wannan ne mataki mafi arha, kuma shi ne muka fi jin nauyin ɗauka.

A nemi malamin dabbobi ko a je asibitin dabbobi na gwamnati. Idan za a kai mushe don a duba, a kai sabo wanda bai kwana a rana ba, a sa leda a hannu a ɗauka, a ƙulle shi cikin leda biyu. A riƙe bayani: kaji nawa ne, nawa suka mutu, cikin kwana nawa, manya ne ko ƙanana, ko an shigo da sabuwar kaza kwanan nan. Wannan bayanin yana taimakon likita ƙwarai.

Sauran mushen a ƙone su, ko a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai iya tonowa ba, nesa da rijiya. Kada a sa yara wannan aikin. A wanke hannu da sabulu. A share akurki, a ƙone shara da gashin, a wanke kasake da ruwan Omo sannan a bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya su a rana. Kada a yi gaggawar zuba sabbin kaji, a bar wurin ya huta na wasu makonni.

Duk wanda ya yi hulɗa da kajin da suka yi mutuwar farat ɗaya, sannan ya fara zazzaɓi da tari ko wahalar numfashi, ya je asibiti ya faɗa musu maganar kajin.

Ko ba ciwo ma, sabuwar kaza daga kasuwa ko ta kyauta daga ƙauye, a ajiye ta gefe na aƙalla mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. A kuma lura da agwagi, domin suna iya ɗauke da ƙwayar cuta suna yawonsu lafiya, kaji na mutuwa a gefensu.

Ɗigo ɗaya a ido

Fakat ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma a ƙasar nan ake yin sa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana sarrafa nau'o'insa. Akwai LaSota, wanda masu gidajen gona suka sani, sai dai yana son sanyin firji ba yankewa, mu kuwa mun san halin wutarmu. Akwai kuma I-2, wanda masana a ƙasar Ostireliya suka samar musamman don kajin ƙauye, domin ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ake yi wa kaza a ido, babba ko ɗan tsako. Kariyar tana kama jiki bayan kamar mako 2, kuma ana maimaitawa duk bayan wata 3 zuwa 4. Jure zafin nan ba yana nufin a bar shi a rana ko a aljihun ɗan acaɓa ba, a dai riƙe shi a inuwa da sanyi gwargwado, a kuma bi umarnin malamin dabbobi kan tsawon lokacin da zai yi bayan an haɗa shi.

To me ya hana mu? Abu biyu. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, fiye da abin da gida guda ke da shi, don haka mai kaji 8 ba ta ganin dalilin saye. Na biyu, ko ta yi wa nata, kajinmu masu yawo ne, kuma kowane wata ana ƙyanƙyashe sabbin 'yan tsakin da ba su samu ba. Idan ciwo na zagaye a lungun, su ne abincinsa. Shi ya sa na ce wannan aikin unguwa ne.

Shawarata ga kowace unguwa ita ce a zaɓi mutum 2 ko 3, malamin dabbobi ya koya musu, abin da ba zai ɗauki dogon lokaci ba. Lallai a sa mata a ciki, domin kajin a hannun mata suke, kuma gidaje da yawa namiji ba ya shiga. A tsayar da rana sau 3 a shekara: Oktoba kafin hunturu ya kankama, sai Fabrairu, sai Yuni. Mai unguwa ya sa a yi shela, a faɗa a masallatai da coci-coci, a makarantun Islamiyya da wuraren adashi, cewa ranar kada a saki kaji da safe. Kowa ya biya ɗan abin da aka yanke kan kowace kaza, ya isa a sayi kwalba ta gaba a kuma sallami masu aikin. A riƙe littafi, gida kaza kaji kaza. Bayan shekara guda littafin da kansa zai nuna ko an ci riba.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce ya taɓa yin rigakafi kajinsa suka mutu. Yawanci abin da ke faruwa shi ne ba a tuna da rigakafi sai mutuwa ta fara, lokacin ciwon ya riga ya shiga jiki, sai a ɗora wa ɗigon laifi. Wani lokacin kuma maganin ya riga ya lalace a shagon da firjinsa ya kwana ba wuta, ko kuma cutar da ta kashe su wata ce daban. Rigakafi na mai lafiya ne, kuma a saye shi a inda aka san yadda ake ajiye shi.

Iyayenmu mata za su ce tun kaka da kakanni da gautan kura da maɗaci da barkono ake kiwon kaji. Ban raina wannan ba, kuma su suka fi mu sanin halin kaza. Amma ko ba a ba da komai ba, a kowace annoba akan samu 'yan kaɗan da ke tsira da kansu, sai mu ce magani ne ya yi aiki. Tambayar da za mu yi wa kanmu ita ce: duk da waɗannan jiƙe-jiƙen, me ya sa har yau kowane hunturu akurki ke komawa kango?

Magana mafi nauyi ita ce ta masu tsoron kai rahoto, kada hukuma ta zo ta kashe sauran kajin. Tsoron yana da tushe. Idan aka tabbatar murar tsuntsaye ce, kashewa ake yi. A 2006 diyyar da gwamnati ta fara biya naira 250 ce kan kowace kaza, kuma masu kiwo sun koka cewa ba ta kai farashin kasuwa ba. Amma mu duba ɗaya gefen. Idan murar tsuntsaye ce da gaske, kajin nan cikin 'yan kwanaki za su ƙare ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Ɓoyewar ba ta ceci ko ɗaya ba, ta dai bar yara suna wasa a inda cutar take. Idan kuma wata cutar ce mai magani, shirun ne ya hana a ceci sauran.

A nan hukuma ma tana da nata nauyin. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta musamman, kuma wanda aka fara naɗawa ya jagorance ta, Idi Mukhtar Maiha, ɗan Adamawa ne. Muna roƙo kada maganar kiwo ta tsaya kan shanu da manyan gonaki. Ma'aikatar kiwo ta jiha ta tabbatar ana samun I-2 mai kyau a asibitocin dabbobi kafin kowane hunturu, ta fitar da lambar waya ɗaya da kowa ya sani don kai rahoto, ta kuma ware ranar wanke kejuna da feshi a wuraren sayar da kaji. Idan an kashe wa talaka kaji don kare jama'a, a biya shi da wuri kuma daidai ƙima. Muddin mai gaskiya ne ke kwana da asara, mutane za su ci gaba da lallaɓawa kasuwa da asuba.

Amma ba sai mun jira gwamnati ba kafin mu daina jefa mushe a kwata, ko mu ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci mu ce masa ya kulle kajinsa. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai ba zai shafa ba idan ka ɓoye masa cewa naka na ci.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa mahaifiyarsa ko matarsa ko yayarsa mai kaji, domin da yawansu ba sa hawa intanet. Sannan ya samu mai unguwarsu da maganar ranar rigakafi, tun kafin iska ta juya.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da lafiyar iyalanmu, amin.